Neman shawara: rawar kontira da na tsara tana sarƙewa a tsakiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a jihar Masacusets ta Amurka, inda rawar kontira, wadda ake yi a dogayen layuka biyu masu fuskantar juna, mutum huɗu-huɗu (maza biyu, mata biyu), take da tsohon tarihi, kuma na fara koyon aikin mai kira, wato wanda yake sanar da masu rawa motsin da zai biyo baya. Na tsara rawata ta farko a kan bugu 64 kamar yadda aka saba, kashi huɗu, kowanne bugu 16. Kashi na farko balans ne (taku gaba da baya) da suwin (mutum biyu su riƙe juna suna juyawa) tare da maƙwabci, wato namiji da macen da ba abokan rawar juna ba a cikin huɗun. A na biyu mata su yi alaman (riƙe hannu ɗaya a zagaya juna) da hannun hagu sau ɗaya da rabi, sannan suwin da abokin rawa. A na uku a zagaya hagu, sai sarƙar mata (mata su tsallaka ɗaya layin, maza su tarbe su su juya su), a na huɗu kuma tauraron hannun dama (huɗun su haɗa hannu a tsakiya su zagaya) da dosido (zagaya juna baya da baya ba tare da riƙo ba) da sabon maƙwabci. Lissafin ya cika daidai, amma da muka gwada sai mata suka riƙa turjewa, wata dattijuwa ma ta ce jiri ya ɗebe ta. Ina kuskuren yake?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lissafinka ba shi da laifi, hannuwa ne ba ka bi ba. Idan an gama suwin, hannun hagun mace yana kan kafaɗar namiji, na dama ne yake gaba, saboda haka idan ka nemi hagu sai ta tsaya ta zaro shi, a nan bugu biyu suke salwanta. Ka mayar da alaman ɗin na dama. Kada ka ce za ka ba maza shi da hagu, ko da yake yana tafiya sumul, domin idan maza suka tsallaka, sarƙar mata za ta bar kowa a gefen da ba nasa ba, ci gaba zuwa sababbin maƙwabta kuma ya lalace.

Ɗan'uwa, ni batun jirin ne ya fi damuna, domin mu mata ne muke shan sa. Suwin biyu, zagaye zuwa hagu, tauraron dama, dosido, duk juyi ne irin na hannun agogo, kuma gyaran da Malam ya kawo, duk da ingancinsa, ƙari ne a kan hakan. Ka cire zagayen nan, ka sa dogayen layuka su matso gaba su koma baya, bugu 8, kai ya huta. Tauraron kuma ya zama na hagu, domin juyawar da namiji yake yi da mace a ƙarshen sarƙa ta saɓa wa agogo, jiki ya riga ya karkata can, hannun hagu kawai za a miƙa. Idan tauraron ya cika, kafaɗar dama tana fuskantar sabon maƙwabci, dosido ya zo da kansa.

Ni dai kafin in kai sabuwar rawa zaure, nakan taka ta a ɗaki a matsayin mutum huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, domin maza masu kira sun fi yawan tsara abin da ya yi wa ƙafarsu daɗi.

Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya. Zan sauya hannuwan biyu, in sa dogayen layuka, mu sake gwadawa ranar Asabar.