Haɗa ginshiƙai da layi a zane ɗaya a Excel: abin da aka tattauna

Tambayar da ta taso ita ce: mutum yana da cinikin wata-wata na miliyoyin naira, yana kuma da kason riba wanda bai wuce 20 cikin ɗari ba, ta yaya zai nuna su tare? In ya zana su da ma'auni ɗaya, ribar sai ta kwanta ƙasa, ko ganinta ba za a yi ba.

Mafi yawan masu ba da shawara sun ce a bar ciniki a ginshiƙai, a mai da riba layi, sannan a ba layin ma'auninsa a gefen dama. Daga Excel 2013 zuwa yau, ana zaɓar bayanan, a shiga Insert, a ɗauki Combo (zanen da ke haɗa nau'i biyu), a sa alama a Secondary Axis (ma'auni na biyu) gaban riba. A tsofaffin Excel kuwa, sai a danna kan jerin ginshiƙan da ake son sauyawa, wato na riba, da maɓallin dama na linzamin kwamfuta, a canja masa nau'i. Google Sheets ma yana da Combo.

Inda aka fi jan magana shi ne ma'auni biyun, kuma ina ganin masu jan hankali a kansu suna da gaskiya. Mai kallo kan ɗauka inda layi ya ratsa ginshiƙi yana nufin wani abu, alhali tsarin ma'aunin ne kawai ya haɗa su. Don haka a rubuta wa kowane gefe sunansa, naira a hagu, kaso a dama, ma'aunin ginshiƙai kuma ya fara daga sifili.

Zane mai fuska uku (3-D) ba ya haɗuwa da na fuska biyu (2-D), Excel zai ƙi.