Sauti na ɓacewa duk lokacin da muka koma janareta

Assalamu alaikum 'yan uwa, masu ilimin kayan sauti ku agaza min.

Talabijin ɗina mai inci 55 ne, na haɗa shi da doguwar sifika da wayar HDMI ta ramin da aka rubuta ARC, wato wanda ke tura sautin talabijin zuwa sifika. Komai lafiya lau, rimot ɗaya ke ƙara murya da ragewa. Amma da zarar an ɗauke wuta muka tada janareta, abin da a Tudun Wada ba sai an faɗa ba, hoto zai dawo, sifika kuwa tsit, fitilarta kawai ke ƙiftawa. Sai na zare filogin duka biyun na ɗan jira sannan ta yarda.

Na canza waya, na kashe CEC (tsarin da ke sa rimot ɗaya ya sarrafa duka biyun) na sake kunnawa, na mai da tsarin sautin daga Dolby Digital zuwa PCM, duk a banza. Wani mai gyara a Kasuwar Sheikh Gumi ya ce in koma wayar optikal. Ta yi aiki, sai dai rimot ɗin talabijin ya daina sarrafa murya, na sifikar kuma yara sun ɓatar da shi tuni.

Tsakanin talabijin da sifika, wanne ya kamata ya fara kunnuwa? Ƙaramin UPS (na'ura mai batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke) zai magance wannan, ko dikodar da ke ɗaya ramin HDMI ce ke rikita su?