Kwas ɗin taimaka wa likitan dabbobi a Amurka: yana mayar da kuɗinsa?

Ma'aikatan asibitin dabbobi da suka tofa albarkacin bakinsu kan wannan tambaya sun haɗu kan abu ɗaya: kafin ka biya ko sisi, duba ko AVMA, wato ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka, ta amince da makarantar. In ba haka ba, a yawancin jihohi ba za ka iya zana jarrabawar VTNE ba, wato jarrabawar ƙasa ta ƙwararrun mataimakan likitan dabbobi, balle ka sami lasisi.

Kwas na 'yan watanni kuwa albashinsa bai taka kara ya karya ba, wasu ma a bakin aiki suka koya kyauta. Mafi rinjaye sun zaɓi karatun shekara 2 a kwalejin gwamnati mai araha, ana aiki ana karatu. Cin bashi don makaranta mai tsada ganganci ne a ganina, tunda ko mai lasisin bai kamo ma'aikacin jinyar mutane a albashi ba.