"Akuyar ɗaure ta samu sake": da akuyar ake ko da mai igiyar?

Ɗan Ringim: Assalamu alaikum. Ina so mu duba karin maganar nan, "akuyar ɗaure ta samu sake". A wajenmu ana yi wa yaron da aka tsare a gida ita, in ya tafi Kano karatu ko ci-rani ya shiga yin abin da ya ga dama. Kullum yaron ake zargi. Ni a ganina da mai ɗaurin maganar take.

Baba Manomi: Wa alaikumus salam. Ɗana, fara tambayar dalilin ɗaurin tukuna. Da shuka ta tsiro mai unguwa ke sa a yi shela kowa ya kama dabbarsa. Akuya tana turke har a yanke gero da dawa, a cire gyaɗa, a rore wake. Wadda ta tsinke ta faɗa gonar wani, a kai ta wurin mai unguwa, mai ita ya biya ɓarna. Wannan ba mugunta ba ce, abincin gari ake tsarewa. Kuma ɗaurin yana da ranar ƙarewa. Da kaka ta wuce sai a sake su su bi kara. Maganar ta fito ne daga irin tsallen da suke yi ranar, zumuɗi kawai take nufi.

Uwar Biyu: Baba, da izininka. Awakin gida yawanci namu ne mu mata, mu muka san halinsu a turke. Wadda ake yanko wa ciyawa, a ba ta dusa da ruwa a kan lokaci, in aka sake ta ba ta nisa, da la'asar za ka gan ta a ƙofar gida. Wadda aka ɗaure aka manta da ita, ita ce ke bazama. Haka 'ya'yanmu mata. "Kada ki je, kada ki yi, kada ki tambaya", ba wanda zai zaunar da yarinya ya gaya mata dalili. Ran da ta samu hanya kuma a ce ta lalace. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Malamin Islamiyya: Hajiya, maganarki tana da tushe. Akwai hadisi ingantacce na matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta kulle ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Wanda ya tsare, haƙƙin abin da ya tsare yana wuyansa. Sannan mu lura, hani daban, takura daban. Har a fiƙihu ba kowane abin da aka hana ne haramun ba, akwai makaruhi. Amma mutanenmu abin da al'ada ce kawai ta ƙi sai su ce "haramun ne", su rufe bakin yaro da sunan addini. Wannan ganganci ne.

Direban Maigatari: Malam, Allah ya ƙara ilimi. Mu nan Maigatari, bakin bodar Nijar, takunkumi muka gani da idonmu. Bayan juyin mulkin Nijar a Yulin 2023 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ta sa takunkumi, aka rufe boda sai Maris 2024. Kasuwarmu ta Alhamis ta ji jiki, masu dabbobi da masu hatsi duka. Lokacin ba abin da dattawa ke faɗa sai "tilas ba ta rasa ɗakin kwana". Ko ba ka so, ka ba ta wuri.

Ɗan Ringim: To ai ka ga, Yaya, ita ma tilas baƙuwa aka ɗauke ta, kwana ta zo yi, ba zama ba. Abin da Baba ya ce ke nan game da ranar ƙarewa. Yaran da nake magana a kansu ba a taɓa gaya musu ranar da za a kwance su ba.

Baba Manomi: Na yarda da rabin maganar. Ciyarwa da bayani wajibi ne, Hajiya ta yi gaskiya. Amma na ga akuyar da ta ƙoshi a turke, aka sake ta, ta miƙe sai lambun mutane. Wani halin ba igiya ce ta kawo shi ba. Ku ƙyale mini karin maganar ta hau kan su biyun.

Uwar Biyu: Ta hau kan su biyun, Baba, amma a fara da mai igiyar. Shi ne babba.