Mahaifinmu ya yi wata biyu da robar fitsari, mu ci gaba da magani ko mu yarda da tiyata?

Abban Walid: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ku taimaka min da shawara, kaina ya ƙulle. Mahaifinmu shekararsa 68, manomi ne, kuma shi ke jan salla a masallacin unguwarsu. Ashe ya fi shekara uku yana tashi fitsari sau huɗu sau biyar a dare bai gaya wa kowa ba. Amaryarsa ce ta gaya wa yayarmu, yayarmu ta kira ni, tunda ni ne a Kano kuma ni ake gani mai albashi. Mu tara ne a ɗakinmu amma da an ce kuɗi sai kowa ya kashe waya, wannan dai a bar shi. Bayan ƙaramar salla ya yi mura aka sayo masa magani a kemis, cikin dare fitsari ya ƙi fita sam, mararsa ta kumbura kamar an kifa ƙwarya. Muka ɗauko shatar mota zuwa asibiti aka sa masa roba. Likita ya ce firostet ce ta kumbura, ya rubuta Tamsulosin da Finasteride. Bayan sati biyu aka cire robar, ya kwana tara lafiya lau, abu ya dawo, aka mayar masa da robar. Yanzu likita ya ce sai tiyata. Baba ya ce ko da wasa, wani amininsa an shiga da shi tiyata bai fito ba. Finasteride ɗin mun dakatar bayan wata ɗaya don ba mu ga abin da ya yi ba. Kawunmu ya kawo sassaƙe yana sha. Ya daina limanci, ko ƙofar gida ba ya zama. Ga aikin yanar ido da aka sa masa rana. Ya zan yi?

Malam Iro: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ka ba mu labarin 'yan ɗakinku, amma abin da za a yanke hukunci da shi ba ka kawo ba. Ɗauko takardun ka duba mana girman firostet ɗin a sikanin, da PSA (gwajin jini ne na firostet), da gwajin ƙoda da ake kira kiriyatinin, da ko an rubuta cewa ƙodojin sun kumbura.

Ka fahimci abin. Firostet tsoka ce a ƙasan mafitsara, hanyar fitsari ta tsakiyarta ta ratsa. A jikin saurayi ba ta wuce goro ɗaya ba, wajen giram 20. Idan ta girma sai ta matse hanyar, mafitsara ta riƙa yunƙuri har ta gaji, fitsari ya riƙa kwana a ciki, a ƙarshe ya danno baya ya taɓa ƙoda. Ita ƙodar kuma ba ta ciwo, shiru take lalacewa. Mutumin da fitsarinsa ya toshe sau biyu, na biyun yana kan magani, ya shiga layin waɗanda ake yi wa aiki. Sauran 'yan layin su ne mai tsakuwa a mafitsara, mai fitsarin jini da ke dawowa, mai yawan kamuwa da cutar mafitsara, da wanda ƙodarsa ta fara taɓuwa. Likitanku bai yi gaggawa ba.

Maman Ihsan: Malam Iro, ka yi haƙuri, ni ban ga an ba magani haƙƙinsa ba. Abban Walid, magungunan nan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Tamsulosin, miligiram 0.4 sau ɗaya a rana bayan abinci, sassauta wuyan mafitsara yake yi, cikin 'yan kwanaki ake ganin aikinsa, amma ba ya rage girman komai. Finasteride, miligiram 5, shi ne mai rage ta, da kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar, kuma sai ya yi wata shida ana sha kullum. Ku kun yanke masa hukunci a wata ɗaya. Sannan toshewar farko da dalilinta: maganin mura mai Chlorpheniramine ko Pseudoephedrine yana iya riƙe fitsarin dattijo a dare ɗaya. Haka Tramadol, haka taurin bayan gida. Lokacin ta biyun, ka tabbata yana shan Tamsulosin ɗin kullum? Da yawa suna ajiye shi saboda jirin da yake sa su idan sun miƙe. A ba shi da daddare, in zai tashi ya fara zama a bakin gado tukun.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu kemis da ke miƙa wa ɗan shekara 70 maganin mura ba tare da tambaya ɗaya ba. Yaro ne a kanta, ko karanta bayan kwalin bai iya ba.

Batun ido kuma kar ka yi wasa da shi. Ka gaya wa likitan ido cewa Baba yana shan Tamsulosin, ko da ya daina, domin yana sa baƙin ido ya yi laushi lokacin aikin yana. Idan sun sani za su shirya.

Abban Walid: Na gode. Ba wai mun raina maganin ba ne Hajiya, ni kaɗai nake saye, kuma likitan bai ce mana wata shida ba. Na duba takardar, an rubuta 96g, PSA kuma 7.8. Gwajin ƙoda an rubuta amma ba mu yi ba, ranar kuɗin hannuna sun ƙare, kuma ai bai taɓa kukan ƙoda ba. Tamsulosin ina jin yana sha, amaryar ce ke ba shi. Robar kuma tana aiki, sai dai fitsarin ya ɗan yi duhu yana wari.

Malam Iro: Tsaya. Robar nan tun da aka sa ta wata biyu ba a canja ba? Wace kala ce? Idan mai ruwan ɗorawa ce, ta latas, bai kamata ta wuce sati biyu zuwa huɗu ba. Fara mai sheƙi, ta silikon, ita ce ke kaiwa wajen sati 12. Gishirin fitsari yana daskarewa a jikinta ya toshe ta, ƙwayoyin cuta su hau. Gobe a kai shi a canja, a ɗauki fitsarin a kai gwaji. Kar wani ya ja ta a gida, akwai balan-balan a cikin mafitsara mai ruwa mil 10, sai an zuƙe shi da sirinji take fita, in aka fizge za a yaga masa hanya. Ledar da fitsarin ke taruwa a ciki ta kasance ƙasa da mararsa kullum, kar a ɗora ta kan katifa. In ya yi zazzaɓi da rawar sanyi, ko ya fara surutai, ko ledar ta daina cika, ba a jiran gari ya waye.

Yanzu giram 96. Hajiya, ki cire kwata daga 96, saura 72, bayan wata shida da roba a jiki. Wa zai zauna jira?

Aiki iri biyu ne aka fi yi. Akwai TURP, ba a yanka ciki, ta gaba ake zura na'ura a kankare tsokar daga ciki, an fi yin sa ga mai giram 30 zuwa 80. Sama da haka aikin yana daɗewa, jini ya fi zuba, kuma da tsohuwar na'ura ruwan wankin yana iya shiga jini ya rage gishirin jiki. Don haka mai 96 galibi buɗewa ake yi: allurar baya, idonsa biyu, a yanka ƙasan cibiya, a ɓare tsokar da ta girma a bar ɓawonta. Za a ce ku tanadi jini. Zai fito da roba mai baki uku ana zuba ruwa yana wanke mafitsara kwana ɗaya ko biyu don kar gudan jini ya toshe, a cire ta wajen sati guda. Sati shida ba noma, ba ɗaukar buhu, ba hawa babur. Wajen kwana 10 zuwa 14 yana iya ganin ɗan jini idan ɓawon ciwon ya faɗi, ya sha ruwa sosai, in da gudaji ya koma asibiti. In yana shan Aspirin ko wani maganin tsinka jini a faɗa tun wuri. Kuma ku tabbata an kai abin da aka ciro ɗakin gwaji, ku karɓi sakamakon.

PSA 7.8 ba ya nufin ciwon daji. Babbar firostet da roba da cutar mafitsara duk suna ɗaga shi. Amma ya wuce 4, iyakar da aka saba dubawa, don haka dole likitan mafitsara ya taɓa ta da yatsa ta dubura, ya ga ko ana buƙatar ɗibar tsoka kafin aiki.

Ɗan Sakkwato: Malam Iro, kana magana kamar wuƙa ce kaɗai ta rage. Sabuwar na'urar TURP da ke aiki da ruwan gishiri ta kawar da matsalar da ka ambata, ƙwararre yana yin sama da 80 da ita. Akwai kuma na leza, HoLEP, wanda girma ba ya hana shi, sai dai ba ko'ina ake da shi ba kuma da tsada. Tunda kana Kano ka tambaya a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin mafitsara na Abubakar Imam, wace na'ura suke da ita. Akwai Shika a Zariya, akwai asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a nan. A kuma tabbatar hanyar fitsarin kanta ba ta tsuke ba, don idan tabo ne a hanyar, aikinsa daban.

Abin da ba wanda ya faɗa: dattijon nan da amarya. Bayan kowanne daga cikin ayyukan nan, yawancin maza maniyyinsu mafitsara yake komawa ya fita da fitsari. Ba ya cutarwa, kuma akasari kusantar iyali tana yiwuwa, amma haihuwa takan yi wuya. Finasteride ma yana rage wa wasu sha'awa. A gaya masa kafin ya sa hannu. Mu 'ya'ya mun iya yanke wa iyaye hukunci a bayan idonsu, daga baya a ce likita ne ya cuce su.

Maman Ihsan: PSA ɗin kafin Finasteride aka yi ko bayansa? In ya koma shan Finasteride ya yi wata shida, lambar tana raguwa da rabi, sai an ninka ta biyu ake karantawa. Mata masu ciki kuma kar su taɓa fasasshiyar ƙwayar. Ni har yanzu na ce a mayar da shi kan duka biyun yau, a kashe cutar fitsarin, a sake gwada cire robar kafin a yi maganar wuƙa. Sassaƙen kuwa a ajiye shi, ba wanda ya san abin da ke ciki balle awonsa, ga ƙodar da ba a duba ba.

Abu Maryam: Maganar limanci ku kai wa malami, akwai sauƙin da aka yi wa mai yoyon fitsari a alwala. Zaman ɗakin nan ma ciwo ne. Ana sayar da ƙaramar leda da ake ɗaurewa a ƙwauri a ƙarƙashin wando, ba mai gani.

Abban Walid: Na gode ƙwarai. Maganar haihuwar nan gaskiya ba zan iya kallon idon Baba in faɗa masa ba, sai dai ko Kawu, shi kuma Kawu tun farko ba ya son asibiti. Sassaƙen ba zan iya hanawa ba, ƙanin mahaifina ne, kuma Baba ya ce yana jin daɗin jikinsa tunda ya fara. Ina ganin mu ba shi sati biyu zuwa ƙarshen wata in na ɗauki albashi. Robar zan sa wani ma'aikacin lafiya a garinsu ya canja. Ita ƙaramar ledar a ina ake samu?

Malam Iro: Yana jin daɗin jikinsa don roba tana kwashe masa fitsari. Gwajin ƙodar jini kaɗan ake ɗiba, ba ya jiran albashi. Yaushe za ka yi?

Ɗan Sakkwato: Ledar ka duba shagunan kayan asibiti. Ka tafi da tsohuwar don a ga bakin ya yi daidai.

Malam Iro: Abban Walid, an yi kiriyatinin ɗin?