Shawarwari Kan Ruɓewar Tumatir a Lambun Gida

Masu shuka tumatir a gida a Katsina sun tattauna kan ruɓewar 'ya'yansa, kuma yawancinsu sun ce a fara duba inda ruɓar ta soma. Idan baƙin tabo ya fito a ƙasan ɗan tumatirin, ba cuta ba ce. Sinadarin kalsiyam ne bai kai gare shi ba, galibi saboda ban ruwa na yau a yi gobe a bari, musamman a zafin Maris da Afrilu. Maganinsa ban ruwa a kai a kai, da rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa, da rage takin yuriya, wanda mutane ke zubawa fiye da kima. Idan kuwa ɗan ya yi laushi yana wari, a tsinke shi a binne nesa, sannan a kafa wa shukar sanda domin kada 'ya'yan su taɓa ƙasa.