Koya wa yara iyo a Zariya: abin da aka tattauna

Inda baki ya zo ɗaya:

1. A koya a kwamin iyo mai tsabta, ba a kududdufi, kogin Galma ko madatsar Kubanni ba. Can akwai zurfi, laka da tsargiya.

2. A bi mataki-mataki: yaro ya saba da ruwa iya ƙirji, ya sa fuska yana hura iska, ya kwanta rigingine bisa ruwa, sannan bugun ƙafa, sannan hannu. Kwanciyar rigingine aka fi nanatawa, kuma da gaskiyarsu, don ita ke ba yaron da ya gaji damar numfashi.

3. Minti 30 ya isa a kowane darasi. In leɓen yaro ya soma rawa, a fito da shi.

4. Babba ya tsaya inda hannunsa zai kai ga yaron, ya ajiye waya. Yaro kan nutse shiru, ba ihu. Robar hurawa ta damtse ba abin dogaro ba ce.

Inda aka rabu: wasu sun ce a fara daga shekara 1 tare da iyaye, mafi yawa shekara 4. Wasu sun ce a dakata da hunturu. Iyaye da dama kuma malama mace suke so wa 'yan mata.